Hitsink ɗin furosesa a kan lesa haɗin gida: zai iya da zafin Sakkwato kuwa?

Na Mabera:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya ce ga masana. Ana son haɗa ƙaramin injin zane a kan fata da ƙwarya, da dayod shuɗi M140, wato ɗan abin da ke fitar da hasken lesa, irin mai wat 2, a cikin bututun ƙarfe na milimita 12 da ake danna dayod a ciki. Ɗan gidan alminiyom da ake sayarwa tare da bututun ƙarami ne ƙwarai, nan da nan yake ɗaukar zafi. Ga kuma tsofaffin hitsink na furosesa, wato ƙarfen nan mai fikafikai da ke janye zafi daga ƙwaƙwalwar kwamfuta, jibge a shagunan masu gyaran kwamfuta, wasu har da fankarsu. Za su yi? In za su yi, wanne, kuma ta ina ake huda shi?

Injiniyan Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam. Za su yi, har ma su yi yawa. Amma ka fara da lissafi kafin ka taɓa injin huda.

Wat 2 ɗin da ake faɗa haske ne mai fita ta gaba, ba shi ne abin da dayod ke ci ba. M140 in ka ba shi amfiya 1.8, wutar da ke tsayawa a kansa wajen volt 4.7 ce. Ninka su, wat 8 da rabi ke nan. Cire 2 na haske, saura wat 6 da 'yan kai, kuma wannan shi ne zafin da za ka nema wa hanyar fita. Hitsink ɗin Intel na soket LGA775, wanda aka fara a 2004, an yi shi ne don furosesa masu fitar da wat 65 zuwa sama da 100. In fankarsa na juyawa, kowane wat ɗaya bai ɗaga shi rabin digiri. Wat 6 ɗinka digiri 3 ne kawai sama da iskar ɗaki.

Inda gizo ke saƙar shi ne mahaɗa. Murfin furosesa faffaɗa ne, ya kai santimita 3 kowane gefe, yana zama daram a kan hitsink. Gindin dayod ɗinka milimita 5.6 ne kacal. Zafin sai ya bi daga dayod zuwa kan bututu, daga bututu zuwa abin da ya riƙe shi, sannan ya isa hitsink. Ko wace mahaɗa ta yi sako-sako, girman hitsink ba zai amfane ka da komai ba.

Baba Mai Rediyo:
Injiniya ya hwaɗi gaskiya. Amma ɗana, ba kowane hitsink aka hudawa ba, ku kiyaye.

Akwai mai kewaye na Intel, wanda hikahikansa sunka bazu awa rana. Tsohhin, na zamanin Pentium 4 da Pentium D, suna da cibiya ta jan ƙarhe kuma dogaye na. Na baya-bayan nan gajeru na, da yawansu alminiyom zalla. Ka cire hwanka ka leƙa ta bisa, don wata cibiyar ƙoƙo ta, gindinta kaɗai ad da kauri, bisa rami na.

Akwai na AMD mai kusurwa huɗu, alminiyom, gindinsa shimhiɗaɗɗe mai kauri. Wanga shi ya hi sauƙin aiki.

Sai masu bututun jan ƙarhe lanƙwasassu da ka ratsa hikahikai. Waɗanga bututu ba tsagwaron ƙarhe ba na, cikinsu kogo na, an zuƙe iska an sa ɗan ruwa an liƙe. Ruwan ka tahwasa wajen zahi shi koma tururi shi kai zahin ga hikahikai. In bakin huda ya taɓa ɗaya, ya mutu ke nan, babu gyara. Na laftof dut irin wanga na, kada a huda su.

Mai Tana na Ƙofar Marke:
Ranka ya daɗe Baba. Ni dai a wajen aikin ƙarfe, na fi son a huda cibiyar na Intel kai tsaye, a zura bututun a ciki. Mahaɗa ɗaya ta ragu, kuma zafin na bazuwa ta kowane gefe daidai.

Ga yadda ake yi. A cire fanka da ƙafafun robar nan huɗu. A buga ɗigo a tsakiyar cibiya da fonci. A fara da baki mai milimita 4, sai 8, sai 11.5, a ƙarasa da rima, bakin da ke daidaita faɗin rami, mai 12. Kada a ƙarasa da bakin huda mai 12, domin ba ya ba da 12, yakan ba da 12.1 ko 12.2, ramin kuma ba ya fitowa da'ira sosai. Injin huda na tsaye ko injin tana, ba na hannu ba. In alminiyom ne a riƙa ɗiga kananzir, yana hana shi manne wa baki. In jan ƙarfe ne a rage gudu, a sa mai, a riƙa ɗago baki ana share ɓarɓashi, domin jan ƙarfe yana da danƙo, yana cafke baki ya murɗe aikin daga hannu. A ɗaure hitsink ɗin da kyau a kan tebur, fikafikan nan suna yanka kamar reza.

In ramin ya yi daidai, bututun zai shiga da turin babban yatsa, ba zai faɗo da kansa ba.

Injiniyan Runjin Sambo:
Malam Mai Tana, hanyarka tana da kyau ga mai rima da injin tana. Amma da me za ka matse bututun? Sukurun gefe sai ya ratsa tsakanin fikafikai kafin ya kai cibiya, kuma yanka zaren M3 a jan ƙarfe a nan ake karya taf, abin yanka zaren. Wayoyi kuma za su fito ne daidai ƙarƙashin cibiyar fanka, sai an lanƙwaso su.

Ni na fi ganin a ɗauki na AMD a bar shi yadda yake. A samo guntun alminiyom, misali 25 da 25 da 30 a milimita, a huda masa ramin 12, a tsaga shi da zarto daga gefe ɗaya har zuwa ramin, a ratsa tsagar da sukuru M4. In ka ɗaure sukurun, guntun zai rungume bututun ta ko'ina, maimakon sukuru ɗaya ya tokare shi a wuri guda. Sai a ɗaure guntun a gindin hitsink da sukuru M3 guda biyu ko huɗu. Ramin zaren M3 baki mai 2.5 ne, na M4 kuma 3.3. Dayod ya mutu gobe, ka kwance sukuru ɗaya ka sauya.

Mai Tana na Ƙofar Marke:
Ai ka ƙara mahaɗa ke nan, Injiniya, kai da ka ce mahaɗa ce matsala.

Malama 'Yar Arkilla:
Ku bari lissafi ya raba ku. Iska tana wuce da zafi da kusan 0.026 a ma'aunin wat bisa mita bisa digiri. Man furosesa ko mai arha ya kai 1 zuwa 3. Alminiyom wajen 200, jan ƙarfe kusan 400, tagulla mai ruwan ɗorawa ɗari da 'yan kai.

A ɗauka ramin ya fito 12.2, wato akwai gibin kashi ɗaya cikin goma na milimita kewaye da bututun, kuma tsawon da ke taɓawa milimita 15 ne. Faɗin wurin ya kama milimita 565 murabba'i. In iska ce a gibin, kowane wat zai ci kusan digiri 7 kafin ya tsallaka. Wat 6 digiri 40 ke nan a takarda. Sukurun da ya danna gefe ɗaya yana rage wannan, amma ba ya kawar da shi. In aka cike gibin nan da man furosesa mai 3, wat 6 ɗin ba zai ci ko rabin digiri ba.

Mahaɗar da Injiniya ya ƙara kuwa, tsakanin guntu da gindin hitsink, faɗinta 25 sau 30, wato 750, kuma shimfiɗaɗɗiya ce da za a iya matsewa sosai. Da mai a tsakani asararta ba ta kai digiri ɗaya ba. Saboda haka duka hanyoyin biyu suna aiki. Wanda zai sha wahala shi ne wanda ya huda da injin hannu, ya zura bututu a bushe, ya ga hitsink ɗinsa sanyi ƙalau ya yi murna. Sanyin nan alama ce zafin bai iso ba, yana can maƙale a dayod. Kamar randa ce babba da aka haɗa da famfo ta tsinken tsintsiya.

Wani abu kuma: bututun milimita 12 kashi biyu ne. Kan gaba, inda aka danna dayod, shi ne mai ɗaukar zafi. Na baya kwanso ne siriri mai rufe wayoyi. Kan gaban shi ya kamata ya nutse cikin ramin. Kuma a nemi mai kan jan ƙarfe, ba na tagulla mai fenti fari ba.

Na Mabera:
Allah Ya saka da alheri, Malama. Gindin na AMD ɗin da ake samu duk ya sha tsohon mai ya bushe, wasu da karce. Wankewa kawai ya isa?

Mai Tana na Ƙofar Marke:
Goge tsohon man da sifirit da tsumma mai tsabta. In akwai karce ko tudu, shimfiɗa sanfefa a kan gilashin taga, ka jiƙa ta da ruwa, ka goga gindin a kai. Fara da lamba 400, sai 800, sai 1200 in kana da ita. Ja layuka da maka a kan gindin kafin ka fara, in duk sun goge tare to ya miƙe. Haka za ka yi wa guntun alminiyom ɗin ma. Ba sai ya yi ƙyalli ba, miƙewa ake nema. Bakin ramukan sukuru kuma a kankare tsinin da huda ta tayar, don shi kaɗai ya isa ya hana fuskokin biyu haɗuwa.

Mai kuma kamar ƙwayar dawa ya isa a fuskar, a matsa ya bazu. Aikinsa cike ƙananan ramuka ne, in ya yi kauri shi ma ya zama shinge.

Ɗan Gawon Nama:
Duk na ji, amma kun manta inda muke. Waɗannan lissafe-lissafen na mutanen da ɗakinsu ke digiri 22 ne. A nan daga Maris zuwa Mayu iska na haura 40, shago mai rufin kwano da azahar ya fi haka. Fanka ba ta sanyaya komai ƙasa da iskar da take hurawa. In shago yana 43, hitsink 46, kwanson dayod ya kusa 50, cikinsa kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Ƙa'idar da masu lantarki ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana iya raba tsawon rayuwar irin waɗannan kaya biyu. Ni a ganina in ba a sa Peltier ba, wato ɗan faifan nan da in an ba shi wuta fuska ɗaya ta yi sanyi ɗaya ta yi zafi, an yi aikin banza. Samfurin TEC1-12706 tana da arha, milimita 40 da 40 ce, daidai gindin hitsink.

Injiniyan Runjin Sambo:
Ƙanena, maganarka ta farko gaskiya ce, ta biyun ce ke da gyara. Peltier ba ta ɓatar da zafi, ɗauka take daga fuska ɗaya ta zuba a ɗaya, ta ƙara da nata. TEC1-12706 in ka jona mata volt 12 kai tsaye tana jan amfiya 4 zuwa 5, wat 50 zuwa 60 ke nan. Kai da kake da matsalar wat 6, ka mai da ita ta sittin da wani abu. Hitsink ɗin da ya ɗaga digiri 3 yanzu zai ɗaga 20 ko fiye, fuskar zafi ta haura 60, ita kuma Peltier daga can za ta fara ragewa. Ga wanda ke aiki da batirin sola, wannan wuta ce da ta ninka ta lesar kanta sau shida.

Ɗan Gawon Nama:
Yaya, wa ya ce a ba ta 12? A ba ta 5 zuwa 6. A nan amfiya 1.5 zuwa 2 take ja, wat 8 zuwa 12. Jimillar da hitsink zai ɗauka bai kai 20 ba, ɗagawarsa digiri 6 ko 7. A wannan wutar, da nauyin wat 6, a takarda tana iya raba fuskokinta da fiye da digiri 30, a aikace ka sa rai da 20. Shago 43, fuskar zafi 50, dayod ya dawo wajen 30. To ai a nan ne hitsink ɗin furosesa ya samu aikin da ya dace da girmansa. Ba tare da Peltier ba, rabinsa ma ya isa.

Injiniyan Runjin Sambo:
Wannan na yarda. In da ƙaramar wuta ce, lissafin ya tsaya. Sai dai a san abin da aka sayo. In wutar Peltier ta yanke lesa na ci, ta zama shinge tsakanin dayod da hitsink, wat 6 zai ƙara kusan digiri 10 a kan abin da zai kasance da babu ita. In fanka ce ta tsaya ita tana ci, duka biyun su dahu. In aka juya wayoyinta, dayod take gasawa. A gwada ta da yatsa na daƙiƙa biyu kafin a ɗaura, a san fuskar sanyi. Kuma sukurun da suka matse guntu da hitsink suna mai da zafi baya, sai an sa musu wosha ta roba ko ta faiba. A ɗaure su kaɗan-kaɗan ana zagayawa, don fuskarta tangaran ce, tana tsagewa.

Malama 'Yar Arkilla:
Akwai abin da ya fi waɗannan saurin kashe dayod, wato raɓa. A bazara iskarmu busasshiya ce, a digiri 42 da laima kashi 15 cikin ɗari sai ƙarfe ya sauko wajen 10 kafin ya yi gumi, babu fargaba. A Agusta labari ya sha bamban. Iska mai digiri 30 da laima kashi 70, raɓa na sauka a kan duk abin da ya kai 24. Peltier ɗin da ta kai ka 30 a Afrilu, a damina za ta kai ka wajen 17 in ba a taɓa ta ba. Ruwa ya kwanta a tagar dayod da ƙafafunsa, haske ya dushe, tsatsa ta biyo baya. Wanda zai sa ta, ya sa mata abin lura da zafi ya tsayar da ita a 27 ko 28. Ƙaramin allon W1209 yana yi, sai dai kunna-kashe yake, kuma yawan kunna-kashe yana gajiyar da Peltier. Rage mata wuta da damina ya fi, ko a kashe ta gaba ɗaya a sauke amfiyar lesa.

Shuɗin dayod ma yana da haƙuri da zafi. Ja, irin wanda ake cirowa daga na'urar rubuta DVD, shi ne rago: haskensa yana faɗuwa da sauri in ya ɗumama, launinsa ma yana gusawa da kusan kashi biyu cikin goma na nanomita a kowane digiri. Na shuɗi gusawar ba ta kai rabin haka ba.

Baba Mai Rediyo:
Ku dai kuna son ƙarin kaya. Hanya mai arha ita ta a rage wuta. Mi za ka yi da amhiya 1.8 bisa hwata? A ba shi 1.2 ko 1.3, haske shi ragu zuwa wat ɗaya da 'yan kai, zahi shi sauko wajen wat 4. Zane bisa hwata da ƙwarya ba shi son hiye da haka, sai dai a rage gudun inji. A yi aiki da sahe da bayan la'asar, a bar azahar. Dayod ɗin da anka tura iyakarsa, ko cikin hiriji anka sa shi ba shi daɗewa.

Na Mabera:
Na gode Baba. To direba fa, wato abin da ke daidaita wutar da ke shiga dayod? Ana tunanin LM317, kuma tunda hitsink ɗin yana da fili, a ɗaura shi a gefe ɗaya.

Injiniyan Runjin Sambo:
A'a, raba su. LM317 a matsayin mai tsayar da amfiya, lissafinsa 1.25 a raba da rizista. Rizista mai om 1 zai ba ka amfiya 1.25, shi kansa rizistan zai ƙona wat ɗaya da rabi, sai ka sa mai wat 5. Iyakar LM317 amfiya 1.5 ce, ba zai kai ka 1.8 ba, wannan sai LM338. Yanzu duba zafinsa: in ka shigo da volt 12, dayod ya ɗauki 4.5, saura 7.5 sau 1.25, wat 9 da ɗoriya a jikin direba. Ya fi zafin lesar yawa. Ka ɗaura shi kusa da ita, ka ninka mata wahala. Ba shi nasa hitsink ɗin daban, ko na tsohon katin hoto ya isa, kuma ka shigo da volt 9 maimakon 12, asarar ta sauko ƙasa da wat 6.

Dalili na biyu ya fi haɗari. Kunnen ƙarfen LM317, inda ake sa sukuru, a haɗe yake da ƙafar fitar wuta. Jan dayod na DVD galibi kwansonsa shi ne nagatif, wasu na infrared da korayen modul kwansonsu fozitif ne. Shuɗin dayod na kamfanin Nichia kwansonsa ba ya haɗe da ko ɗaya, amma kada ka dogara da jin labari, auna da mita. In kwanso da kunnen LM317 suka hau ƙarfe ɗaya ba maika, 'yar takardar da ke hana wuta wucewa, a tsakani, ka tsallake rizistan ko ka haɗa wuta da ƙasa.

In za a yi zane mai inuwa, wato haske ya riƙa ƙaruwa yana raguwa bisa umarnin GRBL, manhajar da ke sarrafa injin, gara a sayi direban lesa na asali mai ƙafar TTL, wadda ke karɓar wannan umarni.

Ɗan Gawon Nama:
A ƙara da wannan: kada a gwada direba a kan dayod. A madadinsa a jera dayod na yau da kullum 1N5408 guda shida, a ƙara rizista mai om 0.1, a auna wutar da ke kan rizistan. Milivolt 100 amfiya ɗaya ke nan, 125 kuma 1.25. Bayan an saita, a kashe, a haɗe wayoyin fita biyu su taɓa juna don kafasita ta zubar da abin da ta riƙe, sannan a liƙa dayod da dalma. Allunan rage wuta XL4015 masu arha suna da babbar kafasita a bakin fita, kuma ita ce ke kashe dayod a ƙiftawar ido in waya ta saki ta sake taɓawa. Kada a sa makunni ko soket tsakanin direba da dayod. A hunturu kuma jiki na tara wutar gogayya, a taɓa ƙarfe kafin a taɓa ƙafafun dayod.

Shugaban Zaure:
Jama'a, kafin a ci gaba. Duk abin da ya wuce miliwat 500 aji na huɗu ne, mafi haɗari. Abin nuni na aji da ake ganin yana da dama-dama miliwat 5 ne iyakarsa, wannan kuwa ya ninka shi sau ɗari huɗu. Kafin ido ya ƙifta an gama. Ba sai hasken ya shiga kai tsaye ba, wanda ya dawo daga kwano, tayil, agogo ko gindin hitsink ɗin da kuka goge ya isa. Tabarau na lesa na gaske, wanda aka rubuta ya rufe nanomita 445 kuma OD 4 ko sama, wato yana rage hasken sau dubu goma. Tabaran walda da na rana ba su cikin lissafi. A yi wa injin akwati, a hana yara da almajirai leƙe. Kuma kada wanda ya haska sama da sunan gwaji, filin jirgin Sultan Abubakar III ba nisa gare shi ba.

Malama 'Yar Arkilla:
Tunda fata za a zana, a bambanta. Fatar da majemanmu suka jeme da bagaruwa ba ta da matsala sai wari, a fitar da hayaƙin waje. Fatar kamfani da aka jeme da sinadarin kurom hayaƙinta guba ne. Fatar roba ta kujeru da jakunkuna kuwa yawanci PVC ce, in ta ƙone tana fitar da iska mai kulorin da ke cin huhu, ta cinye lens da ƙarfen inji.

Mai Tana na Ƙofar Marke:
Akwai maganar nauyi da ba a taɓo ba. Hitsink mai cibiyar jan ƙarfe da fankarsa yana iya kai giram 400. Injin da aka haɗa da ƙananan motocin DVD ba zai ja shi ba. Da mota NEMA 17 da bel zai ja, amma in an ƙara gudu kan zai riƙa rawa a kwana, layi ya fito da kaɗawa. Mafita biyu: a yanke na AMD biyu da zarto a yi aiki da rabi da ƙaramar fanka mai milimita 40 ko 50, ko a kafe lesar a wuri ɗaya tebur ya riƙa motsi a ƙarƙashinta. Fankar da ta rasa reshe ɗaya ko ƙura ta taru a gefe guda ita ma tana girgiza kan, a sauya ta.

Nauyin dai yana da amfaninsa. Giram 300 na alminiyom yana shan jul 270 kafin ya ɗaga digiri ɗaya. Da wat 6, daƙiƙa 45 ke nan kowane digiri. In fanka ta tsaya kana da 'yan mintuna kafin abu ya ɓaci.

Baba Mai Rediyo:
'Yan mintunan nan ba su da amhwani in ba ka sani ba ta tsaya. A sa makunnin zahi KSD9700 mai digiri 50, irin wanda ka buɗewa in ya yi zahi, a manna shi jikin guntun kusa ga bututu, a bi da wutar shiga direba ta cikinsa. Wutar shiga, ba ta hita ba. Da rani in shina yankewa da kansa, to shi ka gaya maka a huta.

Kuma ƙurar hunturu. Daga Disamba zuwa Fabrairu hikahikan nan cika sukai awa an yi musu yaɓe. A hure su dut mako, a riƙe hwanka da yatsa lokacin hurawa kada ta yi gudun da ba nata ba. Lens a goge da auduga da sihirit, lesa a kashe. Ƙura ko toka in ta zauna bisa lens, hasken ka gasa ta har gilashin shi tsage.

Na Mabera:
Yaya za a tabbatar haɗin ya yi kyau? Akwai ma'aunin zafi irin na bindiga.

Malama 'Yar Arkilla:
Na bindiga ƙarya yake yi a kan alminiyom mai sheƙi, zai nuna maka ƙasa da gaskiya sosai. Manna baƙin tef a wurin ka auna a kan tef ɗin, ko ka yi amfani da wayar auna zafi da ke zuwa da mita. Huda ɗan rami mai milimita 2 a jikin guntun, kusa da kan bututu, ka cusa ta da ɗan mai. Auna wuri uku: iskar da fanka ke ja, gindin hitsink, da kan bututu. Kunna na minti 15, da tabarau a ido da bulo a gaban haske. In tsakanin bututu da hitsink ya wuce digiri 4 ko 5, mahaɗa ce, kwance ka sake. In hitsink ya fi iska da sama da 5, fanka ce ko ƙura. In duk sun yi kusa da juna amma lambar tana sama, to shagon ne, sai maganar Baba ko ta Ɗan Gawon Nama.

Na Mabera:
Saura fanka. Wayoyinta huɗu ne, wanne da wanne?

Injiniyan Runjin Sambo:
A ta Intel, baƙa ƙasa ce, ɗorawa volt 12, koriya tana ba da labarin gudu, shuɗiya ta rage gudu ce. Jona baƙa da ɗorawa kawai, ka naɗe sauran biyun da tef, za ta yi cikakken gudunta. Wasu na AMD launinsu ya bambanta, amma jerin ƙafafun ɗaya ne, ta farko ƙasa, ta biyu 12. In tsohon fawa na kwamfuta za ka yi amfani da shi, haɗa koriyar wayar babban soket da baƙa ya tashi, ɗorawa 12 ce, ja 5, kuma jan nan za ta iya ciyar da Peltier in an yanke shawarar sa ta. Fanka ta hau layin da ke kamawa da zarar an kunna fawa, direba kuma ya samu nasa makunnin a bayanta, yadda ba zai yiwu lesa ta ci fanka na tsaye ba. Bar ta tana hura iska zuwa ƙasa yadda aka yi ta, don iskar da ta fito ta gindi tana kore hayaƙi daga lens. In ƙwarya ce a ƙasa dai a tsaya a kanta, busasshiyar ƙwarya da iska ba su da wuyar kama wuta.